Bakin Igiyar Sulle

Shekara shida Malama Na'ima ta yi tana karantar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata da mutanen yankin Rogo suka haɗu suka gina da kansu, kuma kowace shekara sai ta bi da 'yan aji shida ta cikin wani tsohon wasan kwaikwayo mai suna Sulle Mahaƙi. Littafin ya girme ta nesa ba kusa ba. Wanda take riƙewa ma na malamin da ya karantar da ita ne, bangonsa ya tafi, an ɗinke bayansa da zaren buhu.

Labarin ba mai tsawo ba ne. Wani gari ne fari ya kama, rijiya ɗaya ta rage da ruwa, ita ma a cikin gidan maigari take, duk mai son guga ɗaya sai ya je ya durƙusa. Sai wani mahaƙi mai suna Sulle ya ce zai haƙa wa talakawa tasu a bakin kasuwa. Ya yi wata biyu yana haƙa har ƙasa ta fara fitowa da danshi. Ranar da ake sa ran ruwa, ana cikin zura shi sai igiya ta rabu biyu, ya faɗa, ko shurawa bai yi ba. Gari ya ce igiyar ce ta tsufa. Matarsa Munawwara ce kaɗai ta ɗauki guntun da ya rage a sama ta duba, ta ga bakinsa sumul, irin na wuƙa. Ta shiga bin gida-gida tana cewa, "Ku duba bakinta." Ba wanda ya yarda ya duba, don kowa ya san da safe gidan maigari zai je ɗibar ruwa. Daga ƙarshe aka ce ta haukace, aka kore ta daga gari, aka cike rijiyar, ta mutu a hanya da igiyar a hannunta.

Idan an tambayi ma'anar igiyar a jarrabawa, Malama Na'ima ta koya wa 'yan matan amsa: alama ce ta amanar da aka ci. Su rubuta, ta ba su maki, a wuce wurin.

Sai ƙarshen daminar bara waccan ya zo. Akwai wata ƙaramar gada a kan rafin da ke tsakanin Beli da Gwangwan, wadda Alhaji Abdulmutalib ya yi kwangilarta. Shi ne kuma shugaban kwamitin makarantar. Gadar ba ta cika wata huɗu da buɗewa ba, ranar nan aka yi wani ruwa da bai taka kara ya karya ba, wata a-kori-kura ta hau kanta ɗauke da buhunan sabuwar gyaɗa da mutane a sama, gadar ta rufta. Mutum biyar suka rasu. Cikinsu har da Yusha'u, yayan Na'ima, wanda tun rasuwar mahaifinsu shi ya tsaya mata har ta gama karatu.

Washegari ta sa maigidanta Nura, wanda tela ne a Beli, ya kai ta wurin a babur. Ta sauka cikin rafin ta ɗauki wani ɓallin kankare, ta matsa shi da yatsa, ya marmashe kamar busasshen tuwo. Rodin da ya leƙo daga ciki bai fi tsinken tsire kauri ba. Ta daɗe a tsugune. Da suka koma gida ta tarar da 'yan gaisuwa cike da zaure, har da Alhajin da kansa, ana ta cewa ruwa ne, kwana ne ya ƙare, sai haƙuri. Ita ma ta ce amin tare da kowa.

A shekarar nan, da karatu ya kai inda Munawwara ke cewa a duba bakin igiya, sai Malama ta rufe littafin ta ce kowa ya karanta a zuci.

Bana da kwamiti ya ce yana son a yi wasan kwaikwayo ranar raba kyaututtuka, ba ta yi dogon tunani ba. Ba za ta yi wa kanta ƙarya ba, ta san abin da ya sa ta zaɓi wannan wasan. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne wadda za ta fito a Munawwara. Ta gwada 'yan mata bakwai, shida suna karantawa kamar masu ba da hadda. Ta bakwai, Hidaya, da ta buɗe baki sai da ajin ya yi tsit. Hidaya kuwa 'yar Alhaji Abdulmutalib ce ta uku. Malama ta kwana biyu tana juya abin, ta rasa dalilin da za ta hana yarinya abin da ta fi kowa iyawa, ta ba ta.

Saura igiya. Ta roba ce ta cika kasuwar Rogo, ita kuwa ta rama take so, irin ta zamanin da aka rubuta wasan. Aka ce mata sai Karaye, wurin wani tsoho Gwadabe. Ranar kasuwa ta shiga mota ta tafi. Ta same shi a gindin tsamiya can bayan 'yan tukwane, ya ɗaura bakin rama a babban yatsan ƙafarsa yana tufka.

"Salamu alaikum, Baba. Barka da kasuwa."

"Wa alaikumus salam. Barka kadai, 'yata. Ya hanya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, Baba. Ya ƙoƙari?"

"Mun gode Allah." Ya ɗaga kai ya ƙare mata kallo. "Ke ba ƙanwar Yusha'u na Beli ba ce? Goshinku ɗaya."

Ta ce ita ce.

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Shekara goma a wurina yake ɗaukar igiyar ɗaurin kaya. Zauna, ga tabarma."

Ta zauna ta gaya masa abin da ya kawo ta, har ta ba shi labarin wasan a taƙaice. Tsohon ya daina tufkar yana sauraro. Da ta kai inda gari ya ce igiya ce ta tsufa, sai ya yi tsaki.

"Wanda ya rubuta wannan ya zauna da mahaƙa. Igiyar rama ba ta tsinkewa lokaci ɗaya, 'yata. Sili ɗaya ke fara tafiya, sai na biyu, tana ƙara tana gaya maka. In ta rabu, bakinta buzu-buzu za ki gani kamar gemun bunsuru. Kuma ba mahaƙin da zai shiga rami bai bi igiyarsa da hannu daga farko har ƙarshe ba. Duk garin sun san haka. Ba rashin sani ya hana su dubawa ba."

Ya jawo wata mai kaurin yatsa uku, ya auna gaba biyu, ya ɗora a kan kututture, ya sa wuƙa ya datse ta da sara ɗaya. Ya miƙo mata.

"Ga shi. Ko daga bayan taro mutum ya hango ya san yanka ne."

Sati uku suna gwaji a ƙarƙashin darbejiyar bayan azuzuwa. Magana kuwa ba ta tsaya a makaranta ba. 'Yan mata sun kai ta gida, iyaye mata sun kai ta gidan biki, kafin a jima har a teburin mai shayi ana cewa Malama Na'ima ta shirya wa Alhaji wasa, kuma da bakin 'yarsa za a faɗa masa.

Ana saura kwana biyar shugabar makaranta, Hajiya Maijidda, ta aika a kira ta. Hajiya ba muguwar mace ba ce. Ita ce ta bi ƙauyuka da ƙafa tana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su zo aji, lokacin makarantar ba ta wuce ɗaki biyu ba. Bayan sun gaisa ta ce wa Na'ima ta rufo ƙofa.

"Malama, ban kira ki don in hana wasa ba. Na leƙa gwajinku, har hawaye na yi. Abu ɗaya nake so ki canza."

"Ina jin ki, Hajiya."

"Igiyar nan. Ki samo tsohuwa wadda ta tsinke da kanta. Sauran duk ki bar shi yadda yake. Mace ce mijinta ya mutu, baƙin ciki ya taɓa mata hankali, tana yawo da igiya. Ai wannan ma abin tausayi ne, mutane za su yi kuka."

"Ranki ya daɗe, in igiyar tsinkewa ta yi, to mutanen garin ne masu gaskiya. Munawwara ta zama mahaukaciyar da ke yi wa bayin Allah ƙazafi, korar da aka yi mata ma ta yi daidai. Wannan wani wasan ne daban, ba wanda ke cikin littafi ba."

"Wa zai lura da bakin igiya daga kan kujera?"

"In ba mai lura, me ya sa za a canza ta?"

Hajiya ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "Na'ima, ni da ke ba baƙin juna ba ne. Na je gaisuwar Yusha'u, na ga halin da Innarku ta shiga. Amma Alhaji ne babban baƙo ran Asabar. Shi ya rufa mana azuzuwa uku da iska ta yaye. Yara ɗari uku ne a wuyana. In ya juya mana baya, a gindin bishiya za su zauna, iyayensu kuma su ce ai dama mun faɗa. Ke ba ki yarda da ƙaddara ba ne?"

"Na yarda, Hajiya. Ranar Yaya Yusha'u ba za ta wuce ba ko a kan gadonsa yake kwance. Amma wanda ya rage siminti ba a ɗauke masa alƙalami ba. Kuma ni ban sa sunan kowa a wasan ba. Ko harafi ban ƙara ba."

"To na ba ki umarni. Ki canza ta."

"Ki gafarce ni. In kin ce a fasa wasan, makarantarki ce, sai a fasa, ki tashi ki gaya wa iyaye dalili. Amma in za a yi, da igiyar da marubucin ya ce za a yi."

Hajiya ba ta ce a fasa ba. Takardun gayyata sun riga sun fita, kuma fasawar ma magana ce. Ta dai ce Na'ima ta je ta yi tunani.

A ranar, bayan an tashi gwaji, Hidaya ta ƙi tafiya. Ta tsaya tana naɗe igiyar a hannu har sauran suka yi nisa.

"Malama, 'yan ajinmu suna cewa da Abbanmu kike."

A wurin Na'ima wannan maganar ta fi ta Hajiya nauyi. Ta ce mata ta zauna.

"An rubuta littafin nan tun ba a haifi Abbanki ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, yayana yana cikin motar da ta faɗa a gadar Gwangwan, kuma da shi a raina na zaɓi wasan. Ke kuma na zaɓe ki ne don kin fi kowa, ba don gidanku ba. Da na yi adalci da tun farko na gaya miki wannan. In kina son ki sauka, ki sauka yau, ba abin da zai taɓa makinki, ba kuma zan ga laifinki ba. Uba uba ne."



"Shekaranjiya na tambaye shi," in ji yarinyar. "Yana cin abinci na ce, Abba, me ya karya gadar nan? Ya ce in je in kawo masa ruwa. Da na dawo ya fita."

"Sai me kika gani?"

"Ban sani ba, Malama. Wallahi ban sani ba ko ya yi ko bai yi ba. Shi ne yake tashina sallar asuba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba." Ta share ido da bakin hijabi. "Amma na sake karanta littafin. Munawwara ba ta taɓa cewa ga wanda ya yanka ba, ko sau ɗaya. Ita dai cewa take a duba. In ba a yi komai ba, ai dubawa ba za ta cuci kowa ba."

Shekara shida Na'ima tana karantar da littafin, ba ta taɓa lura da wannan ba.

"Zan yi," in ji Hidaya. Ta ajiye igiyar a cikin kwalin kayan wasa ta tafi.

Ran Asabar tun hantsi fili ya cika. An kafa rumfuna huɗu, maza a dama, mata a hagu, manyan baƙi a gaba kan kujerun kushin da aka aro. Mutanen Beli da Gwangwan sun zo fiye da yadda aka saba, wasu ma ba su da 'ya a makarantar. An haɗa tebura an yi dandamali, an rataya zannuwa a bayansa a matsayin labule. Alhaji Abdulmutalib ya iso cikin farar shadda, ya bi layi yana gaisawa da dattawa hannu bibbiyu.

Ana cikin jawabai Na'ima ta buɗe kwalin kayan wasa a bayan labule. Rawanin maigari na nan, gugan na nan, fartanyar Sulle na nan. Igiyar Baba Gwadabe ce babu. A madadinta an ajiye wata tsohuwa baƙa, ta rijiyar makaranta da aka daina amfani da ita, bakinta duk ya tarwatse.

'Yan matan suka zagaye ta suna kallonta. Ta ɗaga kai sai ga Hajiya Maijidda tsaye a gefen labulen.

"Ni na sa aka ɗauke," in ji Hajiya a hankali. "Ki yi da wannan, kowa ya tashi lafiya. Don Allah, Na'ima."

Na'ima ta ɗauki tsohuwar igiyar ta nufi bayan ofis, inda mata ke girkin baƙi. Ta yi musu sannu da aiki, ta ce wa mai yanka albasa ta ara mata wuƙa. Ta dawo bayan labule da wuƙar a hannu, ta ɗora igiyar a kan benci, ta take ta da ƙafa. Ba ta da hannun Baba Gwadabe, sai da ta goga sau huɗu kafin tarwatsattsen bakin ya faɗi ƙasa. Abin da ya rage sumul, cikinsa fari tas a jikin baƙar igiya, ya fi na waccan fitowa.

"Na gode, Hajiya," ta ce. "Wannan ta ma fi dacewa, ta sha ruwan rijiya."

"Kin san aikinki kika yanke?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

Ta miƙa wa Hidaya igiyar, ta aika a mayar da wuƙar.

Wasan ya fara da dariya, don yarinyar da ta fito a maigari ta cusa filo a ciki tana tafiya tana hura hanci. Da Sulle ya faɗa rijiya dariyar ta ɗauke. Sai Hidaya ta fito da tsohon zane a kanta, ta ɗauki guntun igiyar, ta juya bakinsa ta duba. Ta daɗe tana dubawa, fiye da yadda suka yi a gwaji. Ta bi 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya tana cewa su duba, kowa na kau da kai.

Daga nan ta yi abin da ba wanda ya koya mata. Ta sauko daga dandamalin ta shiga cikin 'yan kallo.

Na'ima ta kama labule ta riƙe. Hidaya ta fara da rumfar maza, ta miƙa igiyar gaban wani dattijo. "Baba, ka duba bakinta." Dattijon ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ta matsa gaba. "Malam, ka duba bakinta." Wannan ya shiga gyaran hula. Haka ta bi layi guda, manyan mutane masu gemu, ba wanda ya iya ɗaga ido, alhali kowa ya san wasa ne. Ba ka jin komai sai kukan wani jariri da ƙarar janareta.

Ta tsallaka rumfar mata. A layi na uku wata tsohuwa ta miƙo hannu ta kama igiyar. Iya Safiyatu ce daga Gwangwan, wadda ɗanta ne direban motar da ta faɗa, shi ma ya rasu a ciki, kuma shekara biyu ana raɗe-raɗin shi ya yi lodi fiye da kima. Ta kawo bakin igiyar kusa da idonta, ta shafa shi da babban yatsa.

"Na duba, 'yar nan," ta ce da ƙarfi, yadda har bayan fili aka ji. "Wannan yanka ne. Ba tsufa ba ne, yanka ne."

Wata mata a bayanta ta fashe da kuka. Wani daga rumfar maza ya ce, "Allahu akbar." Hidaya ta karɓi igiyarta ta juyo, hanyar komawa dandamali kuwa sai ta gaban manyan baƙi. Ta zo daidai kujerar mahaifinta ta tsaya. Yarinyar ta durƙusa kamar yadda take gaishe shi a gida, ta ɗaga igiyar, ta faɗi maganar Munawwara ƙasa-ƙasa.

Alhaji bai dubi igiyar ba, 'yarsa ya duba. Fuskarsa ba fushi, sai wani irin nauyi kamar wanda bai yi barci ba.

"Tashi ki je ki ƙarasa wasanki," ya ce.

Ta tashi ta ƙarasa. Aka kori Munawwara, aka cike rijiya, ta faɗi a hanya. Da aka ja labule ba a yi tafi nan da nan ba, sai da 'yan aji ɗaya suka fara sannan fili ya ɗauka. Alhaji ya zauna har ƙarshe, ya raba kyaututtuka da hannunsa, ya yi jawabin da bai kai minti biyu ba. Bai tsaya cin abinci ba.

Ran Talata Hajiya Maijidda ta miƙa wa Na'ima takardar sallama daga kwamiti. An rubuta cewa ta ƙi bin umarnin shugaba, kuma ta shiga cikin ɗalibai da makami. Na'ima ta karanta har ƙasa, ta yi dariya a wurin makamin, ta ninke ta sa a jaka.

"Ban so haka ba," in ji Hajiya.

"Na sani. Allah ya bar zumunci, Hajiya. 'Yan aji shida saura babi biyu su gama nahawu, na bar bayanin a kan teburina."

Hidaya ba ta sake zuwa makarantar ba. An ce an kai ta Kano wurin gwaggonta ta ƙarasa a can. Wannan ne abin da ya fi damun Na'ima, ta yi kwanaki tana tambayar kanta ko ta ɗora wa 'yar mutane kayan da ba nata ba. Ba ta samu amsar da ta kwantar mata da rai ba. Nura dai da ta nuna masa takardar cewa ya yi, "Keke na nan, ba za mu kwana da yunwa ba," ya ci gaba da ɗinkinsa.

Bayan sati guda, tana gidan Innarta da la'asar, sai ga sallama. Iya Safiyatu ce, da mutane daga sauran gidaje ukun da suka yi rashi. Aka shimfiɗa tabarmi, aka gaisa, aka sake yi wa juna ta'aziyya kamar jiya abin ya faru. Sannan tsohuwar ta ce sun zo ne a rubuta musu takarda zuwa ga hukuma. Ba su ce a kama kowa ba. A zo a duba gadar, a gaya musu abin da ya karya ta, ɗanta ne ko ba ɗanta ba.

Na'ima ta rubuta, ta karanta musu sau biyu, suka gyara mata wuri ɗaya inda suka ce ta yi zafi da yawa. Kowa ya dangwala yatsa. Innarta, wadda tun rasuwar Yusha'u ba ta sake ambaton gadar ba, ta miƙo hannu ba tare da an tambaye ta ba. Na'ima da maza biyu suka kai takardar Kano. Sau uku suna komawa. A wata na huɗu wasu injiniyoyi biyu suka zo da mota, suka sauka cikin rafin, suka fasa kankaren suka zuba a buhu, suka auna rodin, suka tafi ba su ce komai ba.

Kwana biyu da zuwansu wani mai suna Zubair, wanda ke kula wa Alhaji da harkokinsa, ya yi sallama a gidan Inna. Na'ima na nan. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jikin Inna, ya tambayi amfanin gona, sannan ya shigo da maganar. Alhaji ya ce abin da ya wuce ya wuce, duk ɗaya ake. Kwamiti a shirye yake Malama ta koma aikinta ran Litinin. Abin da ake roƙo kawai a je a janye takardar nan, a zauna a gida a sasanta kamar yadda iyaye suka saba.

Na'ima ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta ɗaga mata hannu.

"Zubairu, ka gaida Alhaji da kyau, ka ce mun gode da aike. Amma ka gaya masa takardar ba ta Na'ima ba ce, ita rubutawa kawai ta yi. Yatsana ne a kai, da na Safiyatu, da na mutum uku. In yana son a janye, ya zo da kansa ya zauna inda kake zaune, ya gaya mini abin da ya sa a cikin gadar nan. In na ji, sai in san abin da zan ce."

Zubair ya juya wajen Na'ima. "Malama, aikin fa?"

"Na samu wani a Yammedi, wata 'yar makaranta ce mai aji uku. Da nisa, amma maigidana ya ce zai riƙa kai ni bakin titi. Ka yi wa Hajiya Maijidda godiya."

Ya ɗan zauna ko wani zai ƙara magana. Inna ta jawo farantin gyaɗar da take ɓarewa ta ci gaba da aikinta. Da ya ga haka ya yi sallama, ya sa takalmansa ya fita.

Har yanzu sakamakon binciken bai fito ba, Alhajin kuma bai zo ba. Duk ranar Laraba ta farkon wata Na'ima takan nemi izini a sabuwar makarantarta, ta biya Gwangwan ta ɗauki Iya Safiyatu, su shiga motar Kano su je su tambaya.